Daga hidimomi 140 zuwa manhaja ɗaya: nazarin yadda wani kamfanin bayanai ya rarraba tsarinsa, ya dawo ya haɗe shi

Kamfanin da sana'arsa

Kamfanin da ake magana a kansa yana birnin San Francisco na Amurka, kuma an kafa shi a 2011. Sana'arsa dillancin bayanai ce. Mai shago a intanet ko mai manhajar waya yana son sanin abin da jama'a suke yi da kayansa: wa ya shigo, wane shafi ya buɗe, me ya saya, a ina ya fasa. Akwai kamfanoni da yawa masu karɓar irin waɗannan bayanai don lissafi ko talla ko aika wasiƙu, irin su Google Analytics da Optimizely, kowanne kuwa da fasalin da yake son saƙo ya zo masa da shi. Maimakon mai shago ya rubuta kod daban saboda kowannensu, sai ya aika saƙo sau ɗaya ga wannan dillali, shi kuma ya sake masa fasali ya kai wa duk waɗanda aka zaɓa. A nan za a riƙa kiran kowane kamfanin da ake kai wa saƙo da sunan masauki.

Zuwa 2018 saƙonnin da ke shigowa sun kai dubu ɗaruruwa a kowace daƙiƙa, masaukai kuma sun haura 140. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, sabobin masaukan nan, wato kwamfutocin da ke karɓar saƙonnin, ba a hannun kamfanin suke ba. Yau wannan ya yi nauyi, gobe wancan ya faɗi, jibi wani ya ce an yi masa yawa. Cikin masaukai sama da ɗari, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a sami mai ciwo ba.

Shekarun farko: layi ɗaya ga kowa

Tsarin farko ba shi da sarƙaƙiya. Saƙo ya shigo, a jefa shi cikin layi guda. Wata manhaja ta ɗauko shi, ta duba masaukan da mai saƙon ya zaɓa, ta kai wa kowanne bi da bi. In masauki ya karɓa, shi ke nan. In ya ƙi, sai a duba irin ƙin. Akwai wanda maimaitawa ba ta gyara shi, kamar a ce mabuɗin shiga ba daidai ba ne, ko an bar wani gurbi na dole ba a cike ba. Akwai kuma wanda ake sa ran zai wuce: sabar masauki ta amsa da lambar kuskure 500, ko ta yi shiru har wa'adi ya cika, ko ta ce an wuce adadin da take karɓa. Irin wannan sai a mayar da saƙon layi, a sake gwadawa an jima.

Layin da ake mayar da shi kuwa shi ne dai wanda sababbin saƙonni suke ciki. Da zarar masauki ɗaya ya fara jan ƙafa, saƙonninsa da suka dawo sai su cika layin, kuma kowanne sai ya cinye wa'adinsa na jira kafin a wuce zuwa na bayansa. Duk wanda ya taɓa bin layin mai ya san abin: mota ɗaya ta mutu a bakin famfo, na bayanta kaf sun tsaya, har da mai neman lita biyu. Tsarin yana ƙara ma'aikata, wato kwafin manhajar da ke ɗiban saƙonni daga layi, da kansa idan aiki ya yi yawa, amma layin yana tsawo fiye da saurin ƙarin. Sakamakon shi ne mai saƙon da ba ruwansa da masaukin da ya faɗi shi ma bayanansa suna makara.

Gyara na farko: kowane masauki da layinsa da hidimarsa

Injiniyoyin suka raba aikin. Aka sa wata manhaja mai rarrabawa a gaba, ta karɓi saƙo ta yi kwafinsa, ta jefa kwafi ɗaya a layin kowane masauki da aka zaɓa. Kowane layi kuma aka ba shi ƙaramar hidima tasa, wato manhaja mai cin gashin kanta wadda ba ta san komai ba sai masauki ɗaya. Wannan shi ne tsarin ƙananan hidimomi, wanda masu sana'ar suke kira maikrosabis.

Gyaran ya yi aikin da aka nema. Masauki ya faɗi, layinsa kaɗai ke cika, sauran suna tafiya.

Gyara na biyu: kowace hidima da ma'ajiyar kod ɗinta

Hidimomin sun rabu wajen aiki, amma kod ɗinsu yana ma'ajiya ɗaya, gwaje-gwajensu ma tare ake gudanar da su. Yawancin kod ɗin na sauya fasali ne. Misali, kamfanin yana karɓar ranar haihuwa a gurbi mai suna traits.birthday, wani masauki kuma ba ya gane ta sai an sa ta a traits.dob. Wasu tsofaffin masaukan ma ba sa karɓar fasalin rubuta bayanai na JSON, sai an gina musu saƙo da wani fasalin mai suna XML.

Gwaje-gwajen suna aika buƙatu na gaske zuwa sabobin masaukai ta intanet. Saboda haka gwaji yana iya faɗuwa ba don kod ya lalace ba, sai don sabar wani ta yi nauyi ko mabuɗin gwaji ya daina aiki. Gwaji ɗaya ya faɗi kuwa, an tare hanyar kowa. Injiniyan da ke son sakin ɗan gyara a masauki guda sai ya tsaya yana fama da gwajin wani masaukin da bai taɓa ba. Sai aka yanke shawarar kowace hidima ta koma ma'ajiyarta da gwajinta. Nan ma an sami sauƙi nan take.

2015: kwantenoni da mai sarrafa su

Wannan zamani ne da duk masana'antar ta karkata wajen nan. Docker, manhajar haɗa kwantenoni, ta fito a Maris 2013. A Maris 2014 James Lewis da Martin Fowler suka wallafa bayanin da ya yaɗa sunan tsarin ƙananan hidimomi. Google ta sanar da Kubernetes, mai sarrafa kwantenoni, a Yuni 2014, zubinsa na 1.0 ya fito a Yuli 2015, Amazon kuma ta buɗe nata mai sarrafawar, ECS, ga kowa a Afrilu 2015. A 2015 ɗin kamfanin ya sake gina tsarinsa a girgijen Amazon da Docker da ECS da Terraform, manhajar tsara sabobi ta hanyar rubuta kod.

Kwantena ƙunshi ne na manhaja da duk abin da take buƙata don ta tashi, an ɗaure su wuri ɗaya, ta yadda abin da ya yi aiki a kwamfutar injiniya shi ne zai yi aiki a saba. Kwantenoni da yawa suna zama a saba ɗaya suna amfani da zuciyar Linux guda, amma kowanne an killace shi, an kuma yanka masa rabonsa na furosesa da memori. Mai sarrafa kwantenoni, ko ECS ne ko Kubernetes, shi ne ke zaɓar sabar da kowanne zai zauna, ya tayar da wani idan ɗaya ya mutu, ya ƙara ko ya rage yawansu bisa ƙa'idar da aka ba shi. A ECS, alal misali, ana rubuta rabon furosesa da ma'aunin da 1024 ke nufin cibiya ɗaya, ana kuma rubuta iyakar memori, kwantenan da ya tsallake ta a kashe shi. Waɗannan lambobi mutum ne ke rubuta su, hidima bayan hidima.

Da waɗannan kayan aiki, haihuwar sabuwar hidima ta zama abu mai sauƙi. A ƙarshen shekarar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ya rubuta a fili cewa tsarin yana yi musu aiki, musamman wajen gane inda matsala take: idan ƙararrawa ta buga, ana ganin hidimar da ke cin memori ko wadda layinta ke cika ba sai an yi dogon bincike ba.

Zuwa ƙarshen 2016: abubuwa biyu suka fara tsami

Kasuwa ta buɗe, aka ƙara masaukai sama da 50, wato sababbin ma'ajiyoyi 50, layuka 50, hidimomi 50. A matsakaici ana ƙara uku kowane wata.

Don kada a riƙa maimaita aiki ɗaya, aka rubuta laburaren haɗin gwiwa, wato kod ɗin da duk hidimomin ke aro. Misalinsa shi ne neman sunan mutum a cikin saƙo. Wani mai saƙo yana rubuta name, wani Name, wani kuma ya raba shi biyu ya rubuta firstName ko first_name ko FirstName. Laburaren yana bin waɗannan duka ya fito da cikakken suna. Da farko abin ya hanzarta aiki. Amma gyara layi ɗaya a laburaren yana nufin a gwada hidimomi masu ɗimbin yawa, a sake sakin kowacce, alhali gwaje-gwajen ba abin dogaro ba ne. Injiniyan da aiki ya sha masa kai sai ya sabunta laburaren a hidimar da yake aiki a kanta kawai, ya bar sauran. A hankali kowace hidima ta kasance tana kan zubi daban. Abin da aka gina don a rage bambanci ya zama sabon tushen bambanci, har aka fara gudun taɓa laburaren ko da an san yana buƙatar gyara. A duk 2016 sau 32 aka inganta shi.

Na biyu shi ne nauyin aiki. Wasu masaukan saƙonni 'yan kaɗan suke samu a yini, wasu dubbai a daƙiƙa. Babban masauki yana da ma'aikata da yawa a tsaye, don haka ƙarin aiki ba ya girgiza shi. Ƙaramin kuwa, mai kwantena ɗaya ko biyu, ranar da wani babban mai saƙo ya kunna shi sai ambaliya ta rufe shi. Ƙari na kai tsaye yana nan, amma yana da jinkirinsa: sai an auna, sai awon ya wuce iyaka, sai sabon kwantena ya tashi, wani lokaci ma sai an jira sabuwar saba. Ga kuma kowace hidima da irin cinta, wata furosesa take sha, wata memori, don haka ƙa'ida ɗaya ba ta yi wa kowa daidai. Injiniyan da ke duti sai a tashe shi cikin dare ya ƙara ma'aikata da hannu, galibi saboda masaukin da da rana ba wanda ke tunawa da shi.

Farkon 2017: tura ta kai bango

A farkon 2017 injiniyoyi uku ne suke kashe mafi yawan lokacinsu wajen riƙe tsarin kada ya faɗi. Saurin fitar da sabon aiki ya ragu, kurakurai sun ƙaru. Kowane sabon masauki kuma yana ƙara nauyin kulawa daidai da wanda ya gabace shi, babu rangwamen yawa. Aka tsai da shawarar haɗe hidimomin nan sama da 140 su zama manhaja ɗaya.

Sai dai akwai abin da ya hana a yi haka kai tsaye. Manhaja ɗaya mai sauraren layuka 140 ba ta rage wahalar kula da layukan ba, komawa layi ɗaya kuma komawa ce ga cunkoson shekarun farko.

2017: aikin haɗewa

Matakin farko shi ne maye gurbin layukan. Kamfanin ya gina wani tsari nasa mai suna Centrifuge. A wajen gina shi ne aka fito da wata matsala da layi na kowane masauki bai taɓa magancewa ba. Masaukai da yawa suna iyakance adadin da kowane mai saƙo zai aiko a daƙiƙa. Idan babban mai saƙo ya zubo saƙonni masu yawa a jere cikin layin wani masauki, sai a tsaya ana ɗiga masa su gwargwadon iyakarsa, ƙananan da ke bayansa suna jira. Maganin gaskiya shi ne layi ga kowane haɗin mai saƙo da masauki, kuma a lissafin kamfanin irin waɗannan haɗe-haɗe sun kai kusan 88,000. Manhajojin layi da aka saba da su, irin su NSQ da RabbitMQ da Kafka, ba a gina su don ɗaukar layuka masu wannan yawa cikin araha ba. Ga kuma halin layi kansa: a zuba ta baya, a ɗiba ta gaba, ba a tsallake na tsakiya sai an kwashe an sake zubawa.

Sai suka ajiye saƙonnin a rumbun bayanai na MySQL maimakon layi. Kowane saƙo aiki ne da aka rubuta a tebur, kowane sauyin halinsa kuma sabon layin rubutu ne a wani tebur, ba a gogewa ba a gyarawa. Wata manhaja da aka rubuta da yaren Go ita ce ke riƙe da rumbu ɗaya, ta aika saƙonni, ta rubuta sakamako, ta tsara lokacin sake gwadawa tana ƙara tazara bayan kowace faɗuwa. Idan awa huɗu ta cika saƙo bai shiga ba, sai a adana shi a S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon. Da wannan, sauya wanda za a fara kai wa ya zama sauya tambayar da ake yi wa rumbu kawai, ba kwashe bayanai ba. Killace masauki mai ciwo ya koma aikin wannan tsari, ba aikin rarrabuwar hidimomi ba.

Mataki na biyu, aka dawo da kod ɗin duka ma'ajiya ɗaya. An tarar da kayan aro, wato laburaren da kod ɗin ke dogara da su, daban-daban har 120, aka ɗauki alƙawarin kowanne zubi ɗaya za a yi amfani da shi, aka bi masaukai ana gyara duk wanda ya karye da sabon zubin. Aiki ne mai cin rai, ba dabara a cikinsa sai haƙuri.

Mataki na uku shi ne gwaji, wanda tun asali shi ya jawo rabuwar ma'ajiyoyi. Wasu masaukan gwajinsu yana cin minti 5, dukansu a haɗe kuma yana iya kai awa ɗaya. Suka gina na'urar naɗar zirga-zirga a kan wata manhaja ta kyauta mai suna yakbak. Karon farko da aka gudanar da gwaji, buƙatar da aka aika da amsar da masauki ya bayar ana naɗe su a fayil, a ajiye fayil ɗin tare da kod. Daga nan duk gwajin da zai biyo baya fayil ɗin yake karantawa, ba ya fita intanet. Gwajin masaukai sama da 140 ya koma abin da ake aunawa da milisakan, kuma ya daina faɗuwa saboda laifin sabar wani.

Bayan waɗannan uku ne aka haɗe hidimomin.

2018: abin da aka samu, da abin da aka rasa

Sakin gyara a laburaren haɗin gwiwa, wanda a da yake nufin sakin hidimomi sama da 140, ya koma sakin manhaja ɗaya da injiniya guda zai yi cikin mintuna. Zuwa Yuli 2018, lokacin da kamfanin ya bayyana labarin, an inganta laburaren sau 46 a cikin wannan shekarar kaɗai, idan aka kwatanta da 32 na duk 2016. Kiran dare saboda ƙananan masaukai ya tsaya, don yanzu ma'aikata tarin guda ne: masu shan furosesa da masu shan memori sun gauraya, ambaliyar ƙaramin masauki kuma ba ta fi ɗigo ba a cikin babban tari.

Sabon tsarin layin ya gamu da jarrabawa a ranar 17 ga Maris 2018. Ɗaya daga cikin manyan masaukai, mai karɓar buƙatu kusan 16,000 a daƙiƙa, ya shiga matsala fiye da awa ɗaya da rabi, abin da yake karɓa ya sauko zuwa kusan kashi 15 cikin 100. Centrifuge ya riƙe saƙonni kusan miliyan 85, da masaukin ya farfaɗo aka kai masa su, sauran masaukai kuma ba su tsaya ba.

Kamfanin da bakinsa ya lissafa asara uku. Kuskure a kod ɗin masauki ɗaya da zai kashe manhajar yanzu zai kashe ta ga kowa. Ajiyar wucin gadi a memori ta rage amfani: a da ƙaramin masauki yana da ma'aikata kaɗan, abin da ɗaya ya ajiye shi zai sake nema, yanzu kuwa aikin ya bazu a kan ma'aikata sama da 3,000. Suna iya kafa Redis, rumbun ajiyar wucin gadi da duk ma'aikatan za su yi tarayya a kai, don wannan, amma suka ga ƙarin abin kulawa ne, suka haƙura da asarar. Na uku, sabunta kayan aro ɗaya yana iya karya masaukai da yawa lokaci guda, ko da yake gwajin yanzu yana nuna su nan take.

Hukunci

A ganina rabuwar farko daidai ce, kuma ba don an bi yayi aka yi ta ba. Cunkoson layi ciwo ne na gaske, an kuma warkar da shi. Inda aka kauce shi ne ɗaure abubuwa uku da ba dole ne su tafi tare ba: layi, da hidima, da ma'ajiyar kod. Abin da ake buƙatar killacewa saƙonnin masauki mai ciwo ne, wannan kuwa aikin layi ne. Kod ɗin sauya fasali bai taɓa buƙatar zama a kwantena nasa ba. Rabuwar ma'ajiyoyi ita ce gudun gara da aka faɗa gidan zago, domin laifin na gwajin da ke dogara da sabobin wasu ne, kuma da na'urar naɗa ta zo tun a lokacin, da ba a sami dalilin rabawa ba, da laburaren bai tarwatse zuwa zubi barkatai ba.

Kwantenoni da mai sarrafa su ba su gaza ba. Sun yi abin da aka gina su dominsa, sai dai sun arahantar da haihuwar hidima ba tare da sun arahantar da rainonta ba. Mai sarrafawa zai tayar da kwantenan da ya mutu sau dubu bai gaji ba, amma ba zai zaɓa wa hidimomi 140 rabon memori da iyakar ƙari ba, ba zai kuma daidaita musu kayan aro ba.

Akwai kuma batun mutane. Tun 1968 Melvin Conway ya lura cewa tsarin manhaja yakan ɗauki siffar yadda masu gina shi suke sadarwa a tsakaninsu. Ƙananan hidimomi suna biyan kuɗinsu ne inda ƙungiyoyi daban-daban suke son kowacce ta saki aikinta ba tare da jiran wata ba, kamar yadda ake yi a Amazon da Netflix. A nan ƙungiya ɗaya ce ƙarama take riƙe da hidimomi 140 masu aiki iri ɗaya, an shata iyakokinsu bisa yawan masaukai, ba bisa yawan masu kula da su ba.

Wanda zai ɗauki labarin nan hujjar cewa dunƙulalliyar manhaja ta fi, ya dubi abin da aka haɗe tukuna. Sashen masaukai kaɗai ne. Ƙofar karɓar saƙo tana nan daban, Centrifuge yana nan daban, ita manhajar da aka haɗe ma kwafi dubbai take gudana. Haɗewar ba ta yiwu ba sai da kamfanin ya gina tsarin layi nasa daga tushe, abin da ƙaramar ƙungiya ba lallai ta iya ɗaukar nauyinsa ba, kuma wanda ya haɗe ba tare da irinsa ba cunkoson farko zai tarar. Raunin da ya rage shi ne wanda gwaji bai cika kamawa ba: kod ɗin masauki guda da ke zubar da memori a hankali zai wuce gwajin milisakan lafiya, sai bayan sa'o'i yana aiki ya fara kashe ma'aikatan da ke ɗauke da saƙonnin kowa.